Muryar da Na Ara wa Timish

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

A sani, daga gaɓar kogin Psel har zuwa akurkin kajin bayan gida, cewa ni Lavrin Karpovich Shulha, tsohon malamin harshe da adabi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyara bakin yaran garin nan, na zartar da doka a yau: kada wani mahaluƙi ya kuskura ya ɗiga wa ƙyauren shingenmu mai. A bar shi da kukansa. Mutanen Rum na dā sun ajiye dinya ta yi musu gadin birni; ni ƙyaure gare ni, kuma ba ya cin hatsi. Duk wanda ya turo shi, za a ji daga kowane lungu na gidan.

Na karanta wa talakawana dokar a kan teburin karin kumallo. Su biyu ne. Matata Odarka ta ce in ci ƙwan kafin ya huce. Jikata Yarina, mai shekara goma sha biyar, ta ce ba ta ga kuskure ko ɗaya a jimlolin ba. Daga bakinta wannan lambar girma ce.

Ƙyauren ya yi kuka ɗazu. Maƙwabciya ce, ta zo aron rariya.

Laraba, 11 ga Satumba, da la'asar

Ya kamata tarihi ya san yadda ake magana a gidan nan. Ni harshen Yukren nake yi tsantsa, irin na cikin littafi. Odarka kuwa surjik take yi, sunan da kakanninmu suka ba burodin da aka cuɗa alkamarsa da hatsi mai arha: kalma ɗaya tamu, ta biye da ita Rashanci, kamar yadda kasuwar garin nan take yi tun kafin a haife ni. Da shi ta amsa mini aure, da shi ta raini ɗanmu Timish. Na yi iyakar ƙoƙarina a kan yaron, ya fito da kunnuwana da bakin uwarsa.

Yarina ce nasarata. Tun da yaƙin nan ya soma, ita da rabin ajinsu suka ɗaura aniyar wanke bakinsu, kuma wanda ya gama wanke nasa, na kusa da shi yake dubawa. Yau ta miƙa wa kakarta wuƙa, Odarka ta gode mata da kalmar waɗancan mutanen.

"Babusya, wannan kalmar tasu ce," in ji Yarina. Babusya kaka ke nan a harshenmu.

"To su zo su ɗauki abarsu," in ji Odarka, "in sun zo su haɗa da wanke kwanuka."

Na yi dariya a cikin kofina, domin shugaba ba ya ɗaukar ɓangare a fili.

Timish, uban Yarina, bai kira daga fagen daga ba tun watan Yuli. Ba zan riƙa rubuta wannan kullum ba. A ɗauka an rubuta.

Alhamis, 12 ga Satumba, da safe

Ƙyaure. Iska ce.

Asabar, 14 ga Satumba, da azahar

Odarka tana da ibada guda da ba ta cikin littafin kowace majami'a. In za ta fere dankali, sai ta jingina wayarta da tulun gishiri ta kunna bidiyon ƙarshe da Timish ya aiko. Gajere ne, bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Yana zaune a wani rami mai rufin katako, hular kwano ta karkace, yana ɓare 'ya'yan kabewa yana tofar da ɓawon. Yana ce wa uwarsa kada ta haƙe dankalin bana ita kaɗai, ta jira shi; in kuma ya makara, ta ba tsoho bokiti ya tsaya a kan kunya ya yi wa dankalin lacca, zai fito da kansa don ya huta. Yana ce wa Yarina, da yake kira Yarinka, ta daina yawo da takalmin da ya huje. Yana cewa abinci akwai, sai dai miyar borsh ɗinsu ruwan wanka ce. Sai wani ya kira shi daga gefe, ya juya, shi ke nan.

A matsayina na masani, na shaida cewa babu jimla ɗaya a ciki da za ta ci jarrabawa. A matsayina na wanda aka ce zai yi wa dankali lacca, ina nazarin shigar da ƙara, in wanda ake ƙara ya bayyana.

Odarka tana amsa masa kowace jimla. Tana ce masa ya gyara hularsa.

Talata, 17 ga Satumba, da yamma

Majalisar dattawa ta zauna a kicin ɗinmu. Makarantar su Yarina za ta nuna fim ranar ɗaya ga Oktoba, Ranar Masu Kare Ƙasa, wanda ɗalibai za su haɗa daga bidiyon da iyayensu maza suka aiko daga can. Kwamitin mutum uku ne: Yarina, da Zlata, wadda suka gudo daga Kharkiv ita da uwarta, da Ustim, ɗan direban tarakta, wanda shi ya iya yanka da haɗawa a kwamfuta. An ba ni izinin zama a matsayin kujera.

Zlata ta buɗe taro da cewa ba za a ji kalmar abokan gaba ko ɗaya daga lasifikar zauren ba. Yarinyar nan da Rashanci ta tashi, da shi ta yi mafarki, har ranar da benensu ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar ba ta sake furta shi ba, kuma tana magana a hankali kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Ustim ya ce in haka ne sai a toshe bakin rabin rundunar ƙasar, domin a cikin ramuka da surjik ake zagi, da shi ake addu'a, da shi ake neman taba. Ya ce babansa bai koyi wannan magana a Mosko ba, a gindin murhun kakarsa ya koya. Ya ƙara da cewa su 'yan birni jiya-jiya suka shigo harshen, yau har sun fi masu gida sanin inda tsintsiya take.

Zlata ba ta ɗaga murya ba. "Kai ba a rushe maka gida da harshen nan ba, Ustim."

Ustim ya dubi teburi. Ya ci ɗan burodi. Ya ce duk da haka.

Na lura akwai ƙungiya ta uku a ajin, wadda ba ta aiko wakili ba amma kowa yana tsoronta: masu ganin surjik abin dariya ne kawai. Su ne suke kwaikwayon tsofaffin kasuwa a waya, su aika wa juna. Ustim ya ce su ma ƙaunarsa suke yi ta hanyarsu. Yarina ta ce ta ga irin ƙaunar da suka nuna wa wani manomi da aka yi hira da shi bara. Har yau in ya shigo gari yara suna bin sa da jimlarsa.

An jefa ƙuri'a, biyu da ɗaya. Duk bidiyon da ya cuɗe, ko a kashe sautinsa a ɗora kiɗa, ko a samo mai karanta maganar da harshe mai tsabta. Ustim ya ce to su nemi wani mai almakashi, ya ɗauki jakarsa. Ƙyaure ya yi masa rakiya.

Odarka tana bayan gida duk lokacin, tana ba kaji abinci.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

An kawo mini goron gayyata zuwa dandalin wasan kwaikwayo, ina da shekara saba'in da ɗoriya. Yarina ta same ni a ƙarƙashin itacen tuffa. Ta tsaya tana murza igiyar rigarta kamar lokacin da take ƙarama. Ta ce ba ta so a ɗora wa babanta kiɗa kamar waɗanda aka riga aka binne. Ta ce muryata da tasa kusan ɗaya ce in na sassauta, in taimaka in karanta maganarsa.

Na yi mata jawabi mai tsawo a kan amanar mai fassara. Ta jira na gama, sannan ta kira ni Didu, yadda jikokinmu suke kiran kaka namiji.

"Didu, za su yi masa dariya. Ba zan iya zama a wurin suna yi masa dariya ba."

Na karɓa. A rubuta cewa don ita na karɓa. A kuma rubuta, da ƙananan haruffa, cewa rabon da wani ya roƙe ni in yi karatu a gaban jama'a tun ranar da na ajiye alli.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya, ni ma shi ne a bakina: kada Odarka ta sani.

Juma'a, 20 ga Satumba, da safe

Ƙyaure. Wani jami'in soja ne mai jakar fata, wanda ya taɓa zuwa a watan Agusta da labarin Timish. Ya sake faɗin kalmar da ya faɗa wancan karo: ya ɓace. Ba kalmar da ake tsoro ba ce, ƙanwarta ce, wadda ba ta bari a yi kuka kuma ba ta bari a daina. Harshensa tsantsa ne, ko ni ban sami abin gyarawa ba.

Za a kai Odarka Poltava ranar Litinin, a goga mata auduga a cikin kumatu, don gwajin DNA da za a gane Timish da shi. Ya ce na uwa ya fi amfani.

Litinin, 23 ga Satumba, da la'asar

Motar Poltava ta tashi da sassafe, gida ya zama namu. Zlata ta karanta cewa murya ta fi fita tas a cikin kabad ɗin tufafi, saboda haka aka shigar da ni ciki aka rufe, waya a hannu, takarda a gwiwa. Masu hikima na Girka sun zauna a cikin tulu. Ban taɓa jin wanda ya zauna tsakanin rigunan sanyi ba. Ta Timish ce take gogar kuncina. Har yanzu tana da ƙanshin man tarakta da taba.

Na fassara ɗana zuwa harshen ƙasarsa. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sai dai zancen bokiti da lacca, da na tsabtace shi, ya fito kamar sanarwar ma'aikatar gona. Na gwada shi ta gaba, na gwada ta baya, dariyar ta ƙi biyo ni. Kamar kifi ne da aka wanke da sabulu.

Daga waje Yarina tana ba da umarni: "Didu, ka cika kyau. Rage." Na rage. Ta ce in ƙara ragewa. A wajen da yake kiran uwarsa na tsaya, muka sake, na sake tsayawa. Na shaida wa kwamiti cewa ƙura ce ta kabad.

Odarka ta dawo ɗazu, ta kawo wa Yarina sabon takalmi daga kasuwar Poltava. Ta ce audugar ba zafi.

Laraba, 25 ga Satumba, da azahar

An yi ruwa. Duk layinmu sun haƙe dankalinsu sun kai rumbun ƙasa, namu ne kaɗai yake kwance. Na ɗauko cebur, Odarka ta karɓe ta mayar. Ta ce an ce ta jira.

Alhamis, 26 ga Satumba, da yamma

Jiniyar harin sama ta yi, muka sauka rumbun ƙasa mu uku. A can Odarka ta soma ba da labarin yadda Timish ya faɗa rijiya yana yaro. Yarina ta gyara mata kalma, ta gyara ta biyu. A ta uku Odarka ta ce ta manta ƙarshen labarin. Muka zauna muna kallon kwalaben kokwamba har aka busa ta tashi.

A kan matakala na ce wa Yarina ta riƙa sassautawa. Ta ce ni na koya mata cewa harshe iyakar ƙasa ne, wanda ya bar kalma ɗaya ta shigo ya bar soja ɗaya. Na tuna jimlar. Na yi alfahari da ita a lokacin.

Lahadi, 29 ga Satumba, da hantsi

Odarka ta goge rigarta mai ɗinkin jan zare. Bayan majami'a ta bi matan layi ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu su zo ranar Talata, za a ji Timish a babbar lasifika. Ta ce wayarta ƙaramar murya gare ta, tana so ta ji shi ya cika ɗaki kamar yadda yake cika kicin.

Ta faɗi haka a gabana, tana ninke tawul. Ina da baki. Na shafe shekara arba'in ana biyana don ina da baki. Na tambaye ta ko ta ga tabarauna.

Litinin, 30 ga Satumba, da la'asar

Ƙyaure bai yi kuka ba yau, ko da iska.

Talata, 1 ga Oktoba, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ado.

Zauren ya cika. Aka yi shirun girmamawa, aka kashe fitila. Iyayen yara suka riƙa fitowa a kan farin allo ɗaya bayan ɗaya, wasu da muryarsu, da yawa da kiɗa, bakinsu yana motsi kamar kifi a ruwa. Baban Ustim yana cikin masu kiɗa. Ustim yana tsaye a bayan zaure, hannu a aljihu.

Sai ga Timish, da karkatacciyar hularsa, girmansa ya kai rabin bango. Odarka ta kama hannuna. Ya buɗe baki, na fito.

Akwai abin da ni da kwamiti ba mu lissafa ba, duk da iliminmu. Babu mutum ɗaya a zauren nan, daga shugabar makaranta har mai gadi, wanda bai zauna a ajina ba, ko ubansa bai zauna ba. Da muryar nan aka yi musu shifta, da ita aka kore su waje, da ita suke kwaikwayona a gidajen biki. Kafin jimla ta biyu wani mutum a baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ai Lavrin Karpovich ne." Wani ya ce a fito da littattafan rubutu. Dariya ta taso daga layin yara, ta bi ta kan manya. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda take kuɓuce wa mutum a wurin jana'iza ce. Tana cikin tafiya Timish ya tofar da ɓawon kabewa, ni kuwa ina tsakiyar wata kyakkyawar jimla a kan girbin dankali. Nan ta fashe gaba ɗaya.

Sai suka tuna ɗan wanene, suka tuna ba a san inda yake ba, dariyar ta mutu a tsaye.

Odarka ba ta saki hannuna da sauri ba. A hankali ta zare nata, ta ɗora a cinya. Na ga leɓenta yana motsi tare da nasa, tana faɗin ainihin maganarsa da ta haddace, kalma bayan kalma, can ƙasa-ƙasa. A duk zauren ni kaɗai na ji Timish.

Yarina ta fita kafin a kunna fitila.

Laraba, 2 ga Oktoba, da safe

Yarina ba ta je makaranta ba. Zlata ta zo ƙofa, idonta ja, ta ce laifinta ne. Na ce mata a'a, kuma ta ga alama ba don ladabi na faɗa ba.

Odarka ta kwashe bargonta da wayarta ta koma ɗakin girkin rani da ke tsakar gida, inda babu murhun ɗumama. Ta ce zafi take ji.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da azahar

Abinci yana zuwa kan teburi a kan lokaci, a rufe da faranti. Mai dafa shi ba ta zama.

Yarina ta je ta tsaya a bakin ɗakin girkin. Ina jin ta daga taga. Ta ba da haƙuri da kyakkyawan harshe, ta yi bayanin dalilinta daki-daki, kuma dalilin gaskiya ne. Odarka ta saurara har ƙarshe, ta shafa mata kai. Ta ce ta ji, sai dai ba ta san yadda za ta amsa ba tare da an gyara mata ba, don haka a bar shi haka. Yarina ta ce ta faɗa yadda ta ga dama, ba za ta sake gyarawa ba. Odarka ta ce to, ta ci gaba da tsince wake.

Yarinyar ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta buɗe baki za ta yi magana irin ta babanta, na ga tana lalubar kalmomin. Ba su zo ba. Ta wanke su da kyau.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da la'asar

Na je da kaina. Na sa kwat, domin wanda zai gurfana a gaban shari'a ba ya zuwa da rigar barci. Na shirya jawabi mai sassa uku. Na tarar da ita tana fere dankalin da maƙwabciya ta ba ta, tulun gishiri a gabanta, ba waya a jikinsa. Wayar tana kan taga, a kife.

Na manta jawabin. Na tambaye ta ko wayar ta lalace ne, in kai gyara. Na ce bidiyon yana nan yadda ya aiko shi, ba wanda ya taɓa nata.

Ta ce ta sani. Ta ce ta kunna shi ranar Laraba, ta sake kunnawa ranar Alhamis.

"In ya buɗe baki, kai nake ji, Lavrin. Ka shiga bakin yaron ka ƙi fita."

Na ce zai wuce. Ta ce mai yiwuwa. Ta ce in matsa, na tare mata haske.

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe

Kotun gidan nan ta zauna yau ba tare da 'yan kallo ba. Alƙali, da mai gabatar da ƙara, da wanda ake tuhuma duk sun iso cikin wando ɗaya. An karanta tuhuma da lafazi mai kyau. Wanda ake tuhuma bai musa ba. Kotu ta duba dokokin mutanen dā da na yanzu, ba ta sami hukuncin da ya yi daidai da laifin ba, kuma ba ta da ikon mayar da abin da aka ɗauka.

Saboda haka an ci Lavrin Karpovich Shulha tarar cokali ɗaya na sukari daga kowane kofin shayinsa, daga yau har ranar da wani a gidan nan ya lura.